Kyautar Ladabi

Shekarata ashirin da biyu ina koyar da aji shida a makarantar cocin ƙauyenmu. A da in aka tambaye ni me nake koyarwa, sai in nuna jadawalin da ke manne a bango: lissafi, Turanci, harshen Tonga, kimiyya, addini. Yanzu in aka tambaye ni sai in yi jim. Luseane ce ta sa na daina amsa wannan tambaya da sauri, kuma saboda ita nake wannan rubutu, ko da za a daina gaishe ni a bakin coci.

An kawo ta daga tsibiran Ha'apai tana da shekara goma sha ɗaya, aka ajiye ta a gidan gwaggonta Tangikina, yayar ubanta, don ta yi aji shida a nan babban tsibiri. A ajin nawa akwai 'yar Tangikina ta cikinta, Kalolaine, wadda tun daga aji ɗaya ita ke zuwa ta ɗaya. Abin da 'yan aji shida ke zuba wa ido kowace shekara gurbi ne guda. Tsofaffin ɗalibanmu da ke ƙasar waje suna ɗaukar nauyin duk wanda ya zo na ɗaya a jarrabawar ƙarshe, ya tafi sakandaren kwana har ya gama. Kalolaine ba ta buƙatar gurbin, ubanta yana aiki a waje, duk makarantar da ta nuna da yatsa za ta shiga. Luseane kuwa ubanta Lisiate masunci ne, kuma ranar da ya kawo ta, a gabana ya faɗa cewa in ba ta samu gurbin nan ba, karatunta ya tsaya a aji shida.

Al'adarmu a makarantar ita ce, in sakamakon zango ya fito, sai a sake zama. Na ɗaya ya hau bencin gaba kusa da allo, na biyu a bayansa, haka har a kai ga na ƙarshe da ke bakin ƙofa. Zangon farko ya ƙare, Luseane ta zo ta ɗaya. A sauran darussa kusan kai ɗaya suke da Kalolaine, lissafi ne ya raba su, kuma ya raba su da nisa. Na kira sunanta, ta tashi daga bakin ƙofa tana sunkuye, tana ba kowane benci haƙuri, ta zauna a gefen bencin gaba da rabin jiki. Kalolaine ta koma bayanta. Ni kuwa har da sa yara tafi.

Ranar Juma'a Tangikina takan kawo wa malamai abinci, dafaffen gwaza da ganye da ruwan kwakwa, don ita ce shugabar kwamitin iyaye. A wannan Juma'ar ta biyo ta bakin ajina, ta tsaya, ta daɗe tana kallon ciki. Sannan ta yafito ni.

"Siutiti, zo nan. Wace ce waccan a gaba?"

"Luseane ce. Ita ta zo ta ɗaya."

"Na san sunanta, ni na raɗa mata shi. Tambayarki nake, ƙeyar wa 'yata take kallo tun safe?"

Na ce ai dokar makaranta ce, ba ni na kafa ta ba. Ta yi murmushi, ta gyara 'yar tabarmar da ke ɗaure a ƙugunta, irin wadda muke ɗaurawa kan tufafi a al'adarmu.

"Ke ba gwaggon wasu ba ce? A gidanku 'ya'yan ƙanenki suna zama gaban naki? To ko a coci ne, ko a gidan mutuwa, 'yar Lisiate a bayan 'yata take. Ban ga ranar da alli ya sauya jini ba."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma jira amsata ba, ta wuce ofishin hedimasta.

Hedimastanmu Fotu mutum ne da in zai faɗa maka abin da ba shi da daɗi sai ya fara da dariya. Ranar Litinin tun daga nesa na jiyo dariyar. Ya ce ya yi tunani, wannan zama bisa maki tsohon yayi ne, yana karya wa yara gwiwa. Daga yau a zauna bisa tsawo, gajeru gaba, dogaye baya, don kowa ya ga allo. Na ce a aji shida kaɗai? Ya ce a fara da aji shida a gani. Sannan ya ɗaga kai ya kalli rufin ofis, kwanon da mijin Tangikina ya aiko bayan guguwar bara, ya ce, "Malama, mu dai mu zauna lafiya."

Luseane doguwa ce. Na shiga aji na jera yara bisa tsawo, ina ta bayani a kan lafiyar ido, alhali babu yaron da bai san abin da ake ciki ba. Ta tattara littattafanta. Da za ta wuce na ji Kalolaine ta ce mata a hankali, "Ni ban ce ki tashi ba." Ita kuma ta ce, "Na sani," ta koma bakin ƙofa inda ta fito. Na ji kunya a ranar, amma kunyar ba ta hana ni cin gwazar Juma'a ba.

Daga makon nan ta fara makara. Kafin ta fito sai ta ba aladu abinci, ta kankare kwakwa, ta share tsakar gida, ta goge kayan makarantar Kalolaine, sannan ta wanke kwanukan karin kumallon da ba da ita aka ci ba, don sai manya da 'yar gida sun tashi take cin abin da ya rage. Da can ma tana yin wasu daga ciki, amma yanzu duk an tattara an ɗora mata, an ma sallami matar da ke zuwa yi musu wanki. A makarantarmu hukuncin makara shi ne cire ciyawa a filin taro har darasin farko ya ƙare. Darasin farko kuwa lissafi ne. Sai ya zama kullum ina rubutu a allo ina hango ta ta taga, tana tsugune tana tuge ciyawa, amma kunnenta yana wajenmu. Wani lokaci in na yi tambaya aji ya yi tsit, sai in ga ta zana wani abu a ƙasa da tsinke, ta goge da tafin hannu.

Kuma kada in yi wa kaina ƙarya, ni ma na ƙara mata. In za a wanke kofunan malamai, ita nake kira, don ba ta fasa ko ɗaya. In wani ya yi amai a aji, ita. Kaɗa ƙararrawa da ɗaga tuta da karanta addu'ar safe kuwa na 'ya'yan 'yan kwamiti ne, babu wanda ya rubuta haka a ko'ina, haka muka taras haka muke yi. Yaran tsibirai da ke zaune gidajen dangi su ne 'yan tsintsiya. Mukan ce sun fi iya aiki, mu faɗa da sigar yabo.

Duk da haka zango na biyu ta sake zuwa ta ɗaya.

Litinin ɗin da ta biyo baya ta zo babu gashi. An datse kitsonta biyu tun daga tushe, an bar kan tsittsige. Dokarmu kuwa kowace yarinya ta zo da kitso biyu da jan ƙyalle a bakinsu, kuma malamar da ke duba tsabta ba ta san wasa ba. Ta fito da ita gaban taro.

"Ina kitsonki?"

"Gwaggo ta yanke."

"Saboda me?"

Ta sunkuyar da kai.

"Da ke nake. Saboda me?"

"Ta ce kwarkwata."

Yara suka kwashe da dariya, aka raɗa mata Uwar Kwarkwata, sunan ya bi ta har ƙarshen shekara. Ni na san kan yarinyar nan, na sha tsayawa a kanta ina duba aikinta, babu ko ƙwai ɗaya. An rage mata maki biyar a tsabta, kuma da hannuna na shigar da su.

Bayan kwana biyu na ga littafin lissafinta a hannun Kalolaine, an soke sunan da ke bangon an rubuta wani. Littafin da take kwafe duk darasin da ya wuce ta, da rubutunta ƙanana masu tsabta. Na tambayi Kalolaine, idonta ya ciko da hawaye, ta ce, "Mama ce ta ce in riƙe. Ta ce duk abin Luseane na gwaggonta ne, shi ne ta ba ni." A nan ne haƙurina ya ƙare, na ce ranar Asabar sai na taka gidan.

Na same su da la'asar, mata shida a baranda suna saƙar doguwar tabarma, Tangikina a tsakiya. Aka yi mini maraba, aka ba ni wuri. Luseane ta kawo shayi a durƙushe, ta ajiye, ta ja da baya da gwiwa har bakin mataki, ta zauna a ƙasa inda takalma suke. Hannayenta duk tsagar kankarar kwakwa. Na yi gyaran murya na ce na zo ne a kan makarar yarinya, jarrabawar ƙarshe saura wata biyu, ko za a ɗan sassauta mata aikin safe.

Tangikina ba ta ɗago daga saƙarta ba.

"Ku ji Siutiti. Yarinya tana ci a gidana, tana kwana a gidana, sabulun da take wanka da shi nawa ne, amma don ta ba alade abinci an aiko mini da malama. Luseane, na taɓa dukanki?"

"A'a, Gwaggo."

"Na taɓa hana ki abinci?"

"A'a, Gwaggo."

"Kin ji. Ni a gidan gwaggona na tashi, shekara tara, ko kujera ban taɓa hawa ba. Ga ni nan, mutuwa na yi? Tarbiyya nake ba ta. Ubanta ya turo min ita ko gaisuwa ba ta iya ba, sai kallon mutane cikin ido."

Wata daga cikin matan ta ce, "Yaran tsibiri ai sai da haka. In ka sake musu, kanka za su hau."

Na ce, "Yarinyar tana da ƙwaƙwalwa, Tangikina. Gurbin nan shi ne kaɗai hanyarta."

Sai a lokacin ta ɗago ta dube ni.

"Wa ya hana ta? Na riƙe mata biro ne? Ta je ta ci. Sai dai ki faɗa mini, ranar rabon kyauta, a gaban fasto da dukan gari, a kira 'yar ƙanena kafin 'yata, ta hau dandamali Kalolaine tana ƙasa tana tafa mata, sannan da yamma ta dawo ta ci abincin gidan nan. Ke ce mai ilimi, faɗa mini yadda ake yin wannan."

Ba ni take faɗa wa ba. Yarinyar da ke zaune wajen takalma take faɗa wa, kuma ta ji. Na so in yi magana, sai na tuna bikin 'yar ƙanena, ranar da na zauna a saman taro na zaɓi tabarmar da ta fi kyau na naɗe, ba wanda ya ce uffan, don haƙƙina ne na gwaggo. Na shanye shayina na yi sallama. A bakin hanya Luseane ta biyo ni da kwandon rogo, ta ce Gwaggo ta ce a kai mini gida. Na karɓa.

Aka yi jarrabawar ƙarshe a watan Nuwamba. Takardar lissafi tambaya hamsin ce, ni na tsara ta, ni kuma na duba. Kalolaine ta ci arba'in da huɗu. Da na zo kan takardar Luseane na gyara zama, ina ta jan alamar daidai, sai na ci karo da kuskure. Na duba gefen takardar inda ake aiki, komai daidai har ƙarshe, amsa ɗari biyu da goma sha shida. A kan layin amsa kuwa ta rubuta ɗari biyu da goma sha bakwai. Na ce gaggawa ce. Na ci gaba, sai ga wani irinsa, aiki daidai, amsa ta kauce da ɗaya. Na uku, na huɗu, har bakwai. Ta ci arba'in da uku. Da aka haɗa duka darussa, Kalolaine ta zo ta ɗaya, Luseane ta biyu.

Washegari bayan an tashi na tsayar da ita. Dama ita ce ke sharar aji. Na rufe ƙofa, na shimfiɗa takardar a kan tebur.

"Zo ki karanta mini wannan. Nawa kika samu a gefe?"

"Ɗari biyu da sha shida, Malama."

"Me kika rubuta a layi?"

Ta hau murza tsintsiya.

"Luseane, ban kira ki don in dake ki ba. Gwaggonki ce ta sa ki?"

"A'a. Ba ta ce mini komai ba."

"To me ya sa?"

Ta fara bayani dalla-dalla, kamar tana ba ni amsar tambaya a aji.

"Da aka raba takarda na karanta duka. Na ga guda shida Kalolaine ba za ta iya ba, huɗu na doguwar rabawa, biyu na gudu da nisa. Ni nake yi mata aikin gida, na san inda take tsayawa. Shi ne na faɗi bakwai."

Na jawo takardar Kalolaine na duba, waɗannan shidan ne, ba ƙari ba ragi.

"Kin san abin da kika jefar? Kin san abin da babanki ya ce?"

"Na sani."

"To don me, 'yar nan? Wata biyu ya rage ki bar gidan nan gaba ɗaya."

Ta ɗago ta dube ni, karo na farko a shekarar, kuma babu fushi a idonta, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

"Ai ke kika mayar da ni baya, Malama. Na ɗauka abin da ake so in gane ke nan."

Ta tambaya ko ta ci gaba da shara, na ce ta ci gaba.

Na ɗauki takardun biyu na tafi wajen Fotu, na baje masa, na nuna masa aikin gefe ɗaya bayan ɗaya. Na ce yarinyar nan ta ci hamsin cikin hamsin, a ba ta makin aikinta, ko a sake mata jarrabawa. Wannan karon bai yi dariya ba. Ya cire tabarau ya goge.

"Malama, shekara nawa kina duba takarda? Abin da ke kan layin amsa shi ake ba maki. Wa ya tilasta mata? Akwai wanda ya shiga ɗakin jarrabawa?"

"Ka san wanda ya tilasta mata."

"Ni ban san komai ba. Abin da na sani, yarinya ta duba gidan da ya riƙe ta, ta girmama na gaba da ita. In kin tambaye ni, wannan ya fi lissafi. Kuma in muka tono maganar nan, ina za ta kwana? A gidanki? Ki raba ɗan'uwa da yayarsa a kan maki ɗaya?"

Ya turo mini takardar sakamako da biro. Ya ce akwai kyautar ladabi, ba a riga an sa suna ba, me zai hana a ba ta, kowa ya tashi da farin ciki. Ina iya ƙin sa hannu. Ina iya rubuta wa tsofaffin ɗalibai wasiƙa, adireshinsu yana cikin aljihun teburina. Na tuna cewa da Tangikina muke zama benci ɗaya a coci, kuma saura shekara uku in yi ritaya. Na sa hannu.

Ranar rabon kyauta Lisiate ya iso a jirgin ruwan safe, da kwandon kifi ya kawo wa yayarsa. Na tare shi a gindin mangwaro kafin a shiga zaure, na faɗa masa komai, har gashin, har tambayoyi bakwai. Na ɗauka zai tashi hankalin gari. Ya tsaya yana jujjuya hularsa a hannu, ya ƙi haɗa ido da ni.

"Malama, yayata ce. Ko gashin kaina ta ce za ta yanke, sai in sunkuya mata." Sannan ya tambaye ni, "Duka hamsin ɗin ta iya?"

"Duka."

Ya gyaɗa kai, ya share ido da bayan hannu, ya ce, "Uwarta ma haka take da ƙidaya." Sannan ya ce Tangikina ta riga ta yi masa magana, yarinyar za ta ci gaba da zama a wurinta tana taya ta aiki tunda Kalolaine za ta tafi makarantar kwana, kuma shi ba shi da bakin cewa a'a. Ya roƙe ni don Allah kada in bari maganar ta fita.

Zaure ya cika, an shimfiɗa tabarmar da matan Tangikina suka saƙa. Aka kira Kalolaine, dangi suka yi ta rataya mata sarƙar alewa da furanni har suka rufe mata haɓa, uwarta ta taka rawa har gaban dandamali. Yarinyar ba ta yi murmushi ko sau ɗaya ba, idonta yana can baya wajen ƙofa. Can wajen ƙarshe Fotu ya ce akwai kyautar da ta fi kowace daraja a wurinsa, ta yarinyar da ta san girman manya, ba ta taɓa mayar da magana ba, ba ta taɓa ƙin aike ba. Ya kira Luseane. Ta taso daga baya a sunkuye, da ɗan gashin da ya fara tsirowa, tana ba mutane haƙuri layi bayan layi. Fasto ya miƙa mata babban tiren ƙarfe mai zanen furanni. Ba ta koma wurinta da shi ba, ta wuce inda gwaggonta take, ta durƙusa ta ajiye mata a gaba. Zauren ya ɗauki tafi, har da masu share hawaye. Wata tsohuwa kusa da ni ta ce, "Kin ga makaranta mai tarbiyya."

Gaskiya ta faɗa, makarantar ce. Tangikina ta yi nata, kuma ba na wanke ta, don ta san sarai abin da take yi, ta ɗauki girman da al'ada ta ba ta don ta riƙe zumunci ta danne yarinya da shi. Amma gida shi kaɗai bai isa ya karya Luseane ba. Wata shida tana shan aikin gidan nan tana zuwa ta ɗaya, domin tana ganin akwai wuri guda a duniya da in amsarka daidai ce, daidai ce, ko kai ɗan wane ne. Mu muka nuna mata babu wannan wurin. Ba mu rubuta a allo ba, ba ya cikin jadawali, ba mu taɓa yin jarrabawa a kansa ba. Da benci muka koyar da shi, da tsintsiya, da ciyawar filin taro, da wanda ake ba ƙararrawa da wanda ake ba kofuna. Yara talatin da ɗaya ne a ajin, kowannensu ya ɗauki darasin ya tafi da shi gida, kuma kamar kullum Luseane ce ta fi kowa ganewa.

Aka dawo sabuwar shekara, na samu sababbin yara. Juma'ar farko, ana cikin darasi, na ga mutum a bakin ƙofa. Luseane ce, babu kayan makaranta, tana ɗauke da tiren nan mai furanni, an jera kwanukan gwaza a kai, Gwaggo ta aiko ta kawo wa malamai. Ta zo tambaya ne ko a kai ofis. A allo akwai doguwar rabawa da ta gagari ajin tun safe. Na ga idonta ya sauka a kai, ya bi layin daga sama zuwa ƙasa, leɓenta ya ɗan motsa. Bai fi ƙiftawa uku ba ta gama.

Na miƙa mata alli.

"Luseane, ajiye tiren. Shigo ki nuna musu."

Yara suka juya suna kallonta. Ta dubi allin, ta dubi bencin gaba, sannan ta sunkuyar da kai yadda muka koya mata.

"Ban iya ba, Malama," ta ce. "A ina zan ajiye abincin?"